Rigar da ta ƙi cajin waya

Jama'a, ku saurari labarin yadda na kusa rubuta ƙarya a furojet ɗina.

Tun muna aji uku na ɗauki alkawari, har ina cika baki a hostal, cewa zan haɗa ƙyallen da zai caja waya da zafin jiki. A nan kudu ma ana ɗauke wuta kamar gida. Na faɗa wa Umma a waya, ta ce Allah ya yi albarka. Tun ranar take gaya wa maƙwabta ɗanta zai ƙera riga mai wuta.

Abin ba tatsuniya ba ne. A 1821 Seebeck ya gano cewa idan gefe ɗaya na wasu abubuwa ya fi ɗayan zafi, lantarki na samuwa. Ita kuwa roba, da muka sani ba ta ɗaukar wuta, Heeger da MacDiarmid da Shirakawa sun nuna akwai irin wadda ke ɗauka, suka ci kyautar Nobel a 2000. Da ɗaya daga cikinsu na yi aiki, PEDOT:PSS. Tana zuwa kamar tawada, tana lanƙwasa, kuma ba ta saurin wuce zafi, wanda shi ake so don bambancin ya daɗe.

Na shafa ta a ƙyallen auduga, na ɗaura a hannu, na jona mita. Wallahi sai da na murza ido. Kusan maikrobolt 60. Lissafin ba ya ƙarya: robar tana ba da kamar maikrobolt 15 a kowane digiri ɗaya na bambanci. Fata tana wajen digiri 33 ko 34, iskar garin nan kuwa 30. Kafin in kai bolt 5 na caja, sai na jera zirin sama da dubu tamanin, kuma ko a hakan ƙarfin wutar ba zai ishi waya ba. A zafin Afrilu a gida, iska ma ta fi fata zafi.

Wani abokina ya ce, "Malam, ka ƙara sifili biyu mana, wa zai auna?" Na kwana ina juyi. Kuɗin sinadarin Baba ne ya sayar da buhun masara ya turo.

Da safe na kai wa malamin da ke duba aikina lambobin yadda suke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in cire waya daga babi na ɗaya, in koma kan ƙananan na'urorin da ake maƙalawa a jiki, masu auna zafi ko bugun zuciya, waɗanda ɗan abin da suke sha bai taka kara ya karya ba. Ya ce ko Seiko da ta fitar da agogo mai aiki da zafin jiki a 1998, agogo ta yi, ba caja ba.

Sati mai zuwa zan kare aikin da maikrobolt 60 ɗina. Na kira Umma na yi mata bayani. Ta yi shiru, can ta ce, "To ita rigar ana sawa dai ko?" Na ce ana sawa.

Ƙannena da ke shirin zaɓar furojet, ku yi lissafi a takarda kafin ku cika baki. Ku sa ni a addu'a.