Linzamin Jirgin Auta

Da yawanku kun ji labarin abin da ya faɗo daga sama a gidan maƙwabcinmu bayan ƙaramar sallar bara, wasu ma sun ƙara wa labarin gishiri. To, jirgin autanmu ne, laifin kuma namu ne mu da muka haife shi. Mun ga yara biyu ko uku a layinmu sun fara yanka kumfa su ma, shi ya sa muka ce bari mu faɗa wa iyayensu abin da muka koya.

Yaron shekararsa 15. Tun da aka gina filin jirgin sama a Kwandare hankalinsa ya koma sama. Ya tara farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin firij, da tsinken tsire da gam, ya yanka fukafukai, ya samo ɗan injin lantarki da farfela. Ranar da ya zo mana rumfa da maganar rimot, sai muka yi irin ta 'yan kasuwa, muka ce nawa? Da muka ji kuɗin muka ce, "Kai Auta, ka san ribar buhun riɗi nawa ke nan? Je ka cire na motar wasan ɗan yayarka." Ya ce, "Baba, ba zai kai nesa ba." Muka ce ai rimot rimot ne.

Jirgin ya tashi kam. Yana wuce bishiyar mangwaron masallaci sai ya daina jin magana, iska ta ɗauke shi, ya dira tsakar gidan maƙwabcinmu, mutumin Eggon, cikin agushin da aka shanya, taku ɗaya daga inda jikarsa ke zaune. Kafin ka ce kwabo layi ya cika, har wani na cewa jirgin leƙen asiri ne. Mu da ke zaune tare da Barebari da Eggon da Alago da Gwandara a garin nan na Lafiya mun san ƙaramar magana kan zama babba. Muka ɗauki dattawa biyu muka je muka ba da haƙuri. Mutumin ya ce, "Malam, shekara ashirin muna tare, ya wuce. Amma da ya sami yarinyar nan fa?" Wallahi daren nan ba mu yi barci ba.

Mun so mu hana yaron gaba ɗaya. Wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ke bin mu sallar asuba shi ya tsayar da mu. Ya ce, "Malam, kun ba shi doki ne babu linzami." Ya tuna mana Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota a Kano a 2007, ya kuma ce makarantar koyon tuƙin jirgi tana nan a Zariya tun 1964. Sannan ya zauna ya yi mana karatun rimot, mu da muka saba karantar da mutane.

Ya ce na motar wasa kunnawa da kashewa kawai ya sani. Na jirgi kuwa kamar totur ɗin babur yake, gwargwadon yadda ka tura sandar gwargwadon abin da jirgin zai yi. Kowane motsi da layinsa, suna ce masa canel: ɗaya na totur, ɗaya na ɗaga hanci da sauke shi, ɗaya na juya wutsiya, ɗaya na karkata fukafukai. Mai koyo zai iya farawa da uku, amma ya ce a sayi mai shida don kada a sake saye baɗi.

Sai maganar zango. Tsofaffin rimot irin masu megahaz 27, in biyu suka haɗu a zango ɗaya sai su shiga wa juna. Na yanzu gigahaz 2.4 ne, kuma ana ɗaura rimot da ɗan risibar da ke cikin jirgi, daga nan ba ya sauraron kowa sai shi. Muka ce wannan kam ɗaurin aure ne, aikinmu ne. Ya yi dariya ya ce to a nan ma sai jinsi ya dace: risibar FlySky ba ta jin yaren Futaba ko Spektrum, don haka a saye su tare. A kuma tambayi mai sayarwa wane hannu ne totur. Tsarin da aka fi amfani da shi, Mode 2, totur yana hagu, kuma hannun da yaro ya saba da shi da wuya ya sauya.

Abin da ya fi kwantar mana da hankali shi ne ana iya gaya wa risiba tun a ƙasa abin da za ta yi in magana ta yanke: ta kashe inji, ta mai da wutsiya daidai. Da mun san da wannan, da ba mu yi jayayya da kuɗin ba.

Mun yi odar FlySky FS-i6 daga Legas. Canel shida, batir huɗu irin na ƙaramar rediyo, kuma yana riƙe saitin jirage 20. Ɗalibin ya haɗa shi da kwamfuta, Auta ya yi sati uku yana faɗuwa a allo ba tare da asarar kobo ba. Daga lokacin zuwa yau jirgin kumfa ya karye sau biyar, ana liƙewa, rimot kuwa yana nan yadda ya zo. Ashe a harkar nan jirgi shi ne haja, rimot shi ne jari. Shekara talatin muna gaya wa masu saye araha ba ta ado, sai ga shi mu muka manta.

Mun kafa wa yaron sharaɗi. Babu tashi a cikin unguwa. Sai bayan gari, a gonar da aka cire amfani, da izinin mai ita, nesa da Kwandare da wayoyin lantarki da wuraren jami'an tsaro, don tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta yi gargaɗi kan tashin jirage marasa matuƙi babu izini. Kafin kowane tashi kuma sai wani ya riƙe jirgin, shi ya ja baya taku talatin ya gwada kowane motsi.

Duk uban da ɗansa ya kawo masa wannan magana, kada ya kore shi, kada kuma ya ba shi rimot ɗin mota. Ku zo gida ranar Asabar bayan la'asar, yaro ya gwada hannunsa a kwamfuta tukuna. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya bar mu lafiya da maƙwabta.