Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Bara da bazara na faɗo daga kan mangwaro a Tsafe, hannuna ya karye. Baba ya kai ni asibiti a Gusau aka ɗauki hoton ƙashin. Da na ga ƙasusuwana fes a jikin hoton, sai mamaki ya mantar da ni zafin karaya.

Da na koma makaranta na tambayi Malaminmu na kimiyya. Ya ce wani haske ne da ake kira eksire, wanda ido ba ya gani, kuma sararin samaniya ma cike yake da shi, amma iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa. Saboda haka sai a 1962, da Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka daga Amurka, aka gane yana zuwa daga kowace kusurwa, kamar hazon hunturu. A 1970 kuma daga gaɓar tekun Kenya aka harba Uhuru, tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe domin wannan bincike. Nan Afirka fa!

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin hazon. Wani ɓangarensa daga nesa yake, can bayan gungun taurarinmu. Amma wani na gida ne. Watau ranarmu tana zaune ne cikin wani makeken kogo na siririyar iska mai zafin kusan digiri miliyan 1, wanda taurarin da suka fashe shekaru miliyoyi da suka wuce suka bari. Masana sun daɗe suna gardama, domin iskar da rana ke hurowa ita ma tana haifar da irin wannan haske. Rokar da aka harba a 2012 ta nuna duka biyun suna da hannu.

Da hutu na je wurin Kaka a Bungudu. Bayan lisha na zauna a tsakar gida ina kallon farin zanen nan da ya ratsa sama, na kwashe labarin duka na gaya mata. Ta ce, "Kai yaro, abin da ba ka gani za ka ci?"

Baba likitanci yake so in karanta. Ni kuwa Fiziks na rubuta a takardar zaɓi da fensir, kuma har yau ban nuna masa ba.