Idon Kububuwa a Hannun Likita

A gida, in aka ga maciji sanda ake nema, kuma ban ga laifin kowa ba. Wanda ya taɓa ɗauko ɗan'uwansa daga gona a bayan babur, ƙafa ta kumbura, jini na tsattsafowa ta dasashi, ba zai tsaya tambayar lafiyar kububuwa ba. A nan Ingila kuwa akwai mutanen da aikinsu ke nan kowace safiya: su leƙa akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya, su dubi macijin da ke ciki, su rubuta abin da suka gani. Dokar ƙasar ta 1976 ta hana mutum ajiye maciji mai dafi a gidansa sai da lasisi, saboda haka masu riƙonsa kaɗan ne, gidajen namun daji da wuraren bincike da 'yan ɗaiɗaikun masu sha'awa. Cikin abubuwan da suka fi sa wa lura akwai ido.

Maciji ba shi da fatar ido, shi ya sa ba ya ƙiftawa. Wata 'yar ɓawo ce garai-garai ta rufe ƙwayar idon, haɗe take da fatar kansa, tsakaninta da idon kuma akwai ɗan sarari da hawaye ke kwanciya. In lokacin saɓa ya kusa, idon kan yi dishi-dishi ya koma shuɗi-shuɗi na 'yan kwanaki, macijin ya daina cin abinci, ya ƙara faɗa don ba ya gani sosai. Daga nan idon ya washe, sai ya tuɓe rigar gaba ɗaya har da murfin idon. Mai kula da shi a nan ba ya zubar da saɓar sai ya ɗaga ta a haske ya duba kan: in ya ga 'yan kofuna biyu na idanu, hankalinsa ya kwanta. In ɗaya babu, to ya maƙale a fuskar macijin.

Abin da ke jawo maƙalewar yawanci bushewar iska ce, ko ƙishirwa, ko wasu ƙananan ƙwari masu shan jini da ke ɓuya a gefen ido. In aka bari, saɓa ta hau kan saɓa, idon ya yamutse, gani ya ragu. Abin da ya fi burge ni a aikin likitocin dabbobi na nan shi ne haƙuri. Ba sa gaggawar sa hantsaki, domin in aka fizga ana iya haɗawa da sabon murfin da ke ƙasa, ƙwayar idon ta tsiraice ta bushe, macijin ya makance har abada. Sai su ƙara danshi a akwatin, su sa masa ɗan maɓuya mai jiƙaƙƙen gansakuka, su shafa man da ke tausasa ɓawon, sau da yawa su jira saɓa ta gaba ta tafi da shi.

Wanda ya fi wuya shi ne ƙurji a ƙarƙashin murfin. Hawayen maciji ta wata siririyar hanya suke sauka cikin baki, su fito a ganda. In baki ya yi miki, ƙwayoyin cuta kan bi wannan hanya su hau ido; in hanyar ta toshe, ido ya kumbura ya fito waje. Mugunyar maciji kuma ba ruwa ba ce, daskararriya ce kamar cuku, kuma maganin ɗigawa ba ya ratsa murfin yadda ya kamata. Dole a yanka. A nan ne dafin ke canza komai. Da ƙugiya ake jan macijin ya shiga bututun roba wanda ake ganin cikinsa, daidai kaurinsa don kada ya juyo, a riƙe shi tare da bututun, a shaƙa masa iskar sa barci. Yana iya riƙe numfashi ya daɗe, don haka ba a yarda ya yi barci sai an gwada an sake gwadawa. In kumurci ne mai tofi, kowa sai ya rufe fuskarsa da garkuwar roba. Sannan likita ya yanke ɗan yanki a ƙasan murfin, ya wanke ciki, ya duba bakin. Bayan saɓa ɗaya ko biyu wurin kan rufe.

A wajenmu masu zama da maciji su ne gardawa, kuma ba na raina saninsu. Gardi ya san maciji mai shirin saɓa, ya san yadda ake kama wuya, ya san halin kasa daban da na gamsheƙa, abin da ɗalibi zai yi shekaru bai iya ba. Amma macijin da ke kwana a ƙwarya ko akwatin katako, a yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa cikin hunturu, yana cikin yanayin da ke hana saɓa fita lafiya. Na sha ganin irinsu ina yaro, ido ya yi fari ya motse. Wanda aka karya wa haƙoran dafi kuwa an buɗe masa ƙofar mikin baki, kuma daga bakin ciwon ke hawa ido. In ya mutu a shiga daji a kamo wani. Likitocin dabbobinmu su ma shanu da tumaki da kaji ne gabansu, kuma da gaskiyarsu, nan arzikin jama'a yake.

Sai dai kulawar da ake yi a nan ta shafe mu kai tsaye. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, wadda aka kafa a 1898, tana riƙe da macizai masu dafi, kuma dafin kububuwar Najeriya da aka tatsa a can ya shiga aikin haɗa maganin EchiTAb, wanda ya ceci manoma da makiyaya da yawa a asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gwambe. Maganin iri biyu ne: ɗaya a jikin tumaki aka samar da shi a Birtaniya, ɗayan a jikin dawaki a Kosta Rika, shi kuma ya haɗa da dafin kasa da na kumurci. Ido kuwa ya shafi wannan aiki, domin macijin da ba ya gani kan ƙi abinci, ya rame, dafinsa ya ragu, tatsarsa kuma ta ƙara haɗari.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. An daɗe ana maganar Najeriya ta riƙa haɗa nata maganin, kuma ina fatan in ga ranar. Ranar da aka fara, sai an ajiye ɗaruruwan macizai da rai shekara da shekaru a ƙasar da iska ke bushewa ƙarau daga Nuwamba zuwa Maris. Za a buƙaci ɗaki mai danshi, da bututai, da likitan da ya san hanyar hawayen kububuwa, kuma ina ganin 'ya'yan gardawa ne ya kamata a fara kira a koya musu aikin a biya su albashi.