Daga Ƙaura zuwa Zurmi: Faci ya fi sabon gini kasuwa

A Ƙauran Namoda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya a 1929, kuma albarkar gyaɗa da audugar da jirgi ke kwasa ce ta soma kawo wa garin rufin kwano. Da muka zaga unguwanni bayan kaka, lokacin da manomi ke da ɗan abin hannu, sabon harsashi kaɗan muka gani. Abin da ya cika gari shi ne faci: a nan ana toshe tsagar bango, can ana sauya fallen kwano biyu, gaba kuma ana tsaga zaure a mai da shi ɗakin haya. Masu kama hayar ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ne, wadda aka kafa a 1983, da iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu.

Dalilin a bayyane yake. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin dako ya hau. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024. Mai niyyar ɗaki uku sai ya koma lallaɓa wanda yake ciki.

Daga Ƙaura muka miƙa arewa zuwa Shinkafi, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis. A nan tsohon kaya ke da daraja. Kwanon da aka ɓalle, ƙyaure da tagar hannu, duk ana cinikinsu kamar dabba. Mutanen Shinkafi ba su manta da 2021 ba, shekarar da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako. Manomin da bai sayar da rago ba, da me zai biya birkila?

Muka dawo Ƙaura muka ɗauki hanyar Zurmi. A nan ginin ƙasa bai mutu ba. Ana kwaɓa laka da ciyawa, a yi yaɓe, a gyara indararo tun kafin ruwan Agusta ya sami kafar shiga. Ƙasa ba ta buƙatar mota daga Sakkwato, jaki ma ya isa. Abin da ke ƙaranci shi ne hannun da ya iya, domin yawancin maginan sun manyanta.

To, 'yan makaranta, ga ƙofa a buɗe. Ko aljihu ya bushe, mai ɗaki mai yoyo ba ya iya jiran baɗi. Matashin da ya yi hutun makaranta a bayan magini ko kafinta, ya iya auna bango, ya iya lissafin kwano da ƙusa ba tare da ha'inci ba, zai sami aiki a garuruwan nan uku kafin hadarin farko ya haɗo.