Ɗigon da muka raina a lagireton motar ƙungiya



Tun bayan taron ƙarshen wata ake tare mu a bakin masallaci ana tambaya: wai me ya sami motar ƙungiya har ta yi mako uku a gareji, kuma me ya sa aka ce kowa ya ƙara wani abu a kan kuɗin wata? Kuna da haƙƙin tambaya, domin kuɗinku ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da ya faru tiryan-tiryan, har da inda mu shugabanni muka yi kuskure.

Kowa ya san motar nan. Toyota Hiace ce ƙirar 1998, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerun gaba. Tokumbo muka saye ta da gudummawar jama'a. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke ɗaukar 'yan rakiyar amarya, ita ce kuma ke kai mamatanmu makwancinsu. Da wuya a sami gida a cikinmu da bai taɓa mora ba.

Abin ya fara ne da ɗan danshi a ƙasa. Direbanmu ya lura duk inda ya ajiye motar ta kwana, da safe sai ya tarar da jiƙa kamar faɗin tafin hannu. Ya kai ta wurin wani dattijo Bayarabe mai gyaran lagireto a Mokola. Baba ya kwance lagireton, ya toshe bakunansa, ya tsoma shi cikin bahon ruwa ya hura masa iska, kamar yadda mai faci ke gwada tayar da ta huje. Kumfa ta fito a gefe guda. Da yake lagireton na tagulla ne, sai ya liƙe wurin da dalma, muka biya kuɗi kaɗan, muka manta.

Bayan wata huɗu yoyon ya dawo, a wani wurin daban. A wannan karo bututu biyu daga cikin siraran bututun da ruwa ke bi ne suka ruɓe, sai Baba ya datse su ya toshe. A karo na uku ya ƙara toshe wasu. Ranar ce ya kira mu gefe, ya goga yatsa a jikin siraran ganyayen ƙarfen da ke tsakanin bututun, suka zube kamar busasshen ganye. Ya ce da Hausarsa ta zaman Sabo: "Alhaji, wannan ya gama aiki. Ni zan karɓi kuɗinku kullum, amma ku sayi wani."

Littafin taro yana hannunmu, kuma mun koma mun duba shi. Sau uku maganar lagireto ta shigo taron shugabanni. Karon farko aka ce a bari sai bayan Sallah. Karo na biyu aka ce kuɗin da ke asusu na gyaran rufin makarantar Islamiyya ne. Karo na uku aka ce kaya sun yi tsada, a jira farashi ya sauko. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi. Amma farashin bai sauko ba, yoyon kuma bai jira mu ba. Abin da muka yi kawai shi ne muka saya wa direba jarkoki biyu, muka ce ya riƙa ƙara ruwa. Babu wanda ya ƙi amincewa a taron, mu da muke riƙe da biro ma ba mu ce uffan ba.

Ranar wata Laraba cikin watan Maris, lokacin da zafin Ibadan ke kan ganiyarsa, aka bugo mana waya cewa Allah ya yi wa wani ɗan uwanmu rasuwa a garin Oyo, inda ya je cin kasuwa. Iyalinsa suna nan Sabo, don haka aka tsayar da jana'iza bayan la'asar. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita hamsin da ɗoriya ce. Muka cika lagireto, muka cika jarkoki, muka tafi mu biyar tare da yayan mamacin. Zuwa lafiya lau.

A dawowa muka haɗu da cunkoson tireloli kafin Moniya. Motar na tafiya taku ɗaya ta tsaya, babu iskar da ke bugun lagireto sai ta fanka kawai, ga shi kuma mun toshe wani kaso na bututunsa da hannunmu. Allurar zafi ta fara hawa. Direba ya ce, "Sakatare, ya kamata mu tsaya ta huce." Muka dubi agogo, muka dubi yayan mamacin, muka ce ya lallaɓa, ai mun kusa. Wannan shi ne kuskurenmu na biyu, kuma ya fi na farko muni. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera, injin ya yi tari ya mutu.

Wani matashi da ke tare da mu ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, direba ya buge hannun. Allah ya saka masa da alheri, don da ya buɗe da tafasasshen ruwa ya wanke masa fuska. Muka tura motar gefen titi, gawar ɗan uwanmu na ciki, rana na dukan rufin. Waya sai ƙara take yi, jama'a sun taru, an haƙa kabari, ana tambayar ina muke. Sai da muka fi awa ɗaya kafin wani bawan Allah mai a-kori-kura da ya sauke albasa a Akinyele ya tsaya ya taimake mu. A bayan motar albasa ɗan uwanmu ya iso gida. Ana sallame sallar jana'iza rana na faɗuwa.

Yayan mamacin bai faɗa mana baƙar magana ko ɗaya ba. Da muka ba shi haƙuri sai ya ce, "Haba Sakatare, haka Allah ya ƙaddara." Mun yi imani da ƙaddara. Sai dai da muka koma ofis muka buɗe littafin kuɗin wata, muka ga marigayin bai taɓa tsallake wata ɗaya ba tun da ya shiga ƙungiya. Shi ya cika nasa alkawarin. Motar da ya yi ta biya wa kuɗi ce ta kasa kawo shi gida, saboda abin da aka gargaɗe mu a kansa har sau uku.

Washegari bakanike ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya nuna mana man ya koma kamar shayi da madara. Ruwa ya haɗu da mai, wato gasket ɗin kan inji ya ƙone. Kan injin kuma na alminiyam ne, zafi ya lanƙwasa shi, sai da aka kai wa masu injin kankara suka daidaita shi. Da aka haɗa kuɗin janwe da gasket da gyaran kan inji da sabon mai da ladan aiki, abin ya ninka kuɗin lagireton da muka yi ta gudu kusan sau huɗu. Lagireton kuma dole muka saye shi. Hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Da yawa a cikinmu suna da tsofaffin motoci da suke neman abinci da su, don haka ga abin da muka koya a makonni ukun nan. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, injin kuma yana aiki a wajen digiri 90. Abin da ke ba da tazara shi ne matsin da murfin lagireto ke riƙewa. Ku duba saman murfin, za ku ga lamba kamar 0.9 ko 1.1. Da wannan matsi ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Da zarar an sami huda, komai ƙanƙantarta, matsin ya tafi, ruwan zai tafasa da wuri. Ashe jarka ba ta maganin komai. Kuma idan ruwan ya yi ƙasa sosai allurar zafi na iya yaudarar direba, saboda abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa.

Ba kowane yoyo ne ke buƙatar sabon lagireto ba. Wani lokaci tiyo ne ya tsage, ko abin ɗaure shi ya saki, ko robar murfin ta mutu, ko famfon ruwa ne ke zubarwa. Waɗannan a fara duba su, ba su da tsada. Idan lagireton tagulla ne kuma huda ɗaya ce a wurin haɗi, dalma na riƙewa shekaru. Amma idan yoyon yana ƙaura daga nan zuwa can, ganyayen suna zubewa, ana ta toshe bututu, to cikin ya ruɓe, faci ɓarnar kuɗi ne. Na zamani kuwa, masu cikin alminiyam da kan roba, idan robar ta tsufa ta tsage gam ba ya daɗewa a kanta, sai dai a canza kan ko a canza duka. Dabarun kan hanya irin su sabulu da ɗanyen ƙwai na iya kai mutum gari na gaba, amma abin da ya toshe huda yana toshe bututu ma.

Baba mai lagireto ya kuma gaya mana abin da ya ruɓar da namu: ruwan rijiya da muka yi shekaru muna zubawa. Yana barin tsatsa da ɓawo a ciki. Ruwan kulan mai launin kore ko ja ba ado ba ne, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Wanda zai sayi tokumbo a kasuwar Gate kuma, ya sa a gwada masa shi cikin ruwa a gabansa kafin ya biya.

Mu dai sabo muka saka, da sabon murfi da sababbin tiyo, aka wanke hanyar ruwan injin aka zuba kulan. Rasit ɗin komai yana wurin Ma'aji, duk mai son gani ƙofa a buɗe take. Taro ya kuma amince cewa ƙarin da aka yi zai shiga asusu na daban wanda ba a taɓa shi sai don mota, kuma idan direba ya ce a tsaya, to a tsaya, ko wa ke cikin motar.

Muna neman afuwar iyalan marigayi da ta dukan 'yan ƙungiya. Amana kuka ba mu, mun yi sakaci da ita. Allah ya jiƙan ɗan uwanmu, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari. Wanda ya ɗauko mu a motar albasa ba mu ko tambayi sunansa ba saboda ruɗewa. Idan wani ya san shi, don Allah ya isar masa da godiyarmu.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.