Daga Ramin Dara Zuwa Ƙofar Kware: Yawon Neman Wasa a Birnin Shehu

A Sakkwato rana ce ke tsara wa mutane jadawali. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma daga azahar zuwa la'asar sai gari ya yi tsit kamar an yi shara, in ban da 'yan kabu-kabu da masu sayar da ruwan sanyi. Da an sallame sallar la'asar kuwa sai birnin ya farka. A fito da benci, a shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, mai shayi ya hura wuta. Duk mai son ya ga yadda Sakkwatawa ke wasa, to wannan ne lokacin da zai ɗauki takalminsa ya shiga lungunan tsohon gari, daga wajen Tsohuwar Kasuwa ya gangara Kanwuri inda fadar Sarkin Musulmi take.

Abin da za ka fara cin karo da shi, in ka yi sa'a, shi ne dara. Ba darar gidaje goma sha biyu da ƙannenmu mata ke zuba wa tsakuwa huɗu-huɗu nake nufi ba. Wannan ta manya ce. Ana tona ramuka 30 a ƙasa, layi biyar, kowane layi rami shida. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe guntayen kara, ɗaya ya riƙe tsakuwa ko ƙwallon dabino. Da farko ana dasa 'ya'yan ne ɗaya bayan ɗaya, kai ka sa, abokin karawarka ya sa, kuma a wannan matakin ba a yarda ka jera uku ba. Sai an gama dashe sannan a fara tafiya: ɗa ya matsa rami ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin hamayya. Jera huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an kashe shi.

A faɗe abin kamar wasan yara. Amma zauna ka kalli gwanaye biyu, za ka gane cewa tun wajen dashe ake gama yaƙin. Akwai wani tsari da kowane ɗan dara ke mafarkin samu, inda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin ramuka biyu, duk motsin da ya yi sai ya cika uku. Wanda aka kafa wa wannan tarko yana ji yana gani za a tsince masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo na yi masa jaje na ƙeta. Zabarmawan Nijar ma suna yin wasan, suna kiransa dili, haka mutanen ƙasar Zuru sun shahara da shi. Ya shiga bakinmu har muna cewa dara ta ci gida idan sharri ya koma kan masu shi.

Abin da ya fi jan hankalina a dandalin da na tsaya ba ramukan ba ne, mutanen da ke kewaye da su ne. Tela ya bar kekensa, mahauci ya gama ciniki, ga wani tsohon malamin makaranta da carbi a hannu. Wani dattijo ya dube ni da jakata ta littattafai ya ce, “Kai ɗan makaranta, ka iya ko kallo kaka yi?” Na ce, “Baba, kallo nika yi.” Ya matsa mini gefen benci. Ba a jima ba gardama ta tashi, wai wani ya taɓa ɗa sannan ya fasa ya motsa wani. Babu littafin doka da aka buɗe, don babu shi. Kowa ya juya ga dattijon nan, ya ce wanda aka taɓa shi za a motsa, aka ci gaba. A wata unguwar wataƙila hukuncin ya bambanta, kuma ba wanda zai ce darar can ba dara ba ce.

Wannan hukunci na dattijo shi ya haɗa mini dara da wani wasa na nesa da na daɗe ina karanta labarinsa. A shekarar 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, aka buga wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. 'Yan ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kuma bugun farko kwafi 1,000 ne kacal. Ba shi da allo irin na lido, ba a kuma cin juna. Mutum huɗu ko biyar za su zauna da takarda da fensir. Ɗaya shi ne alƙali, shi ke riƙe da taswira a ɓoye, shi ke bayyana duniyar da ake ciki: ga kogo, ga ƙofa a kulle, ga motsi a bayanta. Sauran kowa ya zama wani mutum a cikin labarin, mayaƙi ko ɓarawo ko masani, ya faɗi abin da zai yi. Idan abin na da haɗari sai a jefa ɗan lido, har da wani mai fuska 20, a ga ko an dace.

Da shekaru suka tafi littattafan dokokin suka yi ta kauri har suka kai ɗaruruwan shafuka. Shi ya sa bayan shekarar 2000 wasu 'yan wasan suka juya baya, suka ce su salon da suke so. Hujjarsu ita ce doka kaɗan ta isa, abin da ba a rubuta ba alƙali ya yanke a nan take, kuma dabarar mai wasa ta fi lambobin da ke kan takardarsa. Wato dai sun sha doguwar tafiya sun iso inda dattijon Kanwuri yake zaune.

Ba za ka ga wannan wasa a teburin masu sayar da lido da katin Whot ba. Abin da ya cika unguwanni irin su Mabera da Runjin Sambo shi ne gidajen PlayStation, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a talabijin, sai kuma waya a hannun kowa. Ban raina su ba, ni ma ina bugawa. Sai dai a can wani kamfani ne ya riga ya ƙera duniyar, kai naka danna maɓalli, kuma da an ɗauke wuta ko man janareta ya ƙare, duniyar ta tafi. Mafi muni, a cikin wayar nan taku ɗaya ne tsakanin wasa da cacar ƙwallo, kuma kowannenmu ya san wani da kuɗin jarrabawarsa ya bi ta nan.

Zama wani mutum a cikin wasa kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuna ma karanta shi a darasin Hausa. Idan azumi ya kai kwana goma yaro kan manna gemun auduga ya ɗauki sanda ya zama tsoho a tashe. A wasan gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa wa junansu sarautu su yi mulki na 'yan kwanaki. Tatsuniya ma ta kusa, illa dai mai sauraro ba shi da ikon hana Gizo tafka wautarsa. Ka ba shi wannan ikon, ka ce masa kai ne Gizo, ga Ƙoƙi ta tsare ka da tambaya, me za ka ce, to ka riga ka shiga wasan su Gygax ba tare da ka sayi komai ba.

Akwai magana guda da ba za a tsallake ba a gari irin Sakkwato, ita ce ta ɗan lido. Malamai da yawa suna hana wasa da shi saboda hadisin da ya zo a kan nardi, kuma iyaye na ganinsa su tuna da caca. A Amurka ma, cikin shekarun 1980, iyaye da wasu malaman coci sun tayar wa Dungeons & Dragons da ƙura, suna zarginsa da koyar da tsafi. Ni a ganina ba sai an ja da kowa ba. Dara ba ta da ƙuri'a ko kaɗan, kuma ba ta rasa daɗi ba. Alƙali mai adalci zai iya sauraron dabararka ya auna ta, in ta yi ma'ana ka wuce, in ba ta yi ba ka ɗanɗana kuɗarka. Dodanni da matsafan Turawa su ma ba dole ba ne.

Domin kuwa taswira tana ƙarƙashin ƙafafunku. Muhammadu Bello ya kafa birnin nan a 1809, aka kewaye shi da ganuwa. Ganuwar ta zube, amma sunayen ƙofofi na nan a bakin 'yan kabu-kabu: Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kware da Ƙofar Aliyu Jeɗo, wadda ta ci sunan Sarkin Yaƙin jihadi. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya zo a 1824, ya rubuta cewa ana rufe ƙofofin birnin da faɗuwar rana, kuma ya koma Ingila da taswirar ƙasashen nan da aka zana masa da hannu a fadar Bello. Wanda ke son ganin kayan wancan zamani, takardu da makamai da sauransu, ya nemi malaminsa na tarihi ya kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Hatta rabon aiki kakanninmu fatake sun gama mana shi. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, shugaban tafiya mai sasantawa da sarakunan hanya, yana da jagaba mai shiga gaba ya san inda ruwa yake, yana da uban dawaki, sannan ba a rasa malami mai rubutu da lissafi. Ku biyar kun isa: huɗu su ɗauki waɗannan, na biyar ya zama alƙali ya zana birnin a bayan littafinsa na lissafi.

Ga mafari idan kuna so. Shekarar 1824 ce, kun taso daga arewa da jakuna tara ɗauke da gishiri, kuna son ku musanya shi da jar fatar akuya. Jaki ɗaya ya gurɗe a fadamar Rima, kun makara. Kun iso Ƙofar Kware rana ta yi ja, mai gadin ƙofa ya riga ya tura ɓari guda, ya ce sai kun ba shi wuri 500, alhali abin da ya rage a jakar malaminku 300 ne. A bayanku jagaba ya hango ƙurar dawaki, bai san ko su wane ne ba. Madugu ke fara magana.