Abin da Ke Cikin Wuyan Riga

Masu nazarin tufafin Hausawa sun fi mayar da hankali ga abin da ido ke gani: aska biyu, aska takwas, kwaɗo da linzami, da sauran adon gaban riga. Aikin da David Heathcote ya yi a Zariya a shekarun 1970 ya taskace mana da yawa daga cikinsu. Amma akwai wani sashe na riga da ba kasafai alƙalami ke kai gare shi ba, wato abin da ake ɓoyewa tsakanin ƙyalle da ƙyalle domin wuya ya tsaya, aljihu kada ya saki. Wannan ilimi ban same shi a aji ba; a shagon wani dattijon tela na same shi a Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, inda na yi rani biyu ina koyon ɗinki.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kalmar gam. Yaran shago da ita suke kiran duk abin da aka sayo a Kantin Kwari don ƙarfafa yadi, alhali aikinsa ya kasu uku. Akwai wanda ake liƙawa a kwala da bakin hannu, ya zauna har ƙarshen rayuwar rigar. Akwai wanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin yadi lokacin surfani don kada allura ta tattare shi, in an gama a yage. Akwai kuma siririn da ke narkewa gaba ɗaya ya haɗe ƙyalle biyu, kamar wajen kalmasa. Maigidana ya kan ce mini, "Yaro, shafa ka ji. Mai tauri na kwala ne, mai laushi na yadi mara nauyi." Ka'idarsa ita ce kada na ciki ya fi na waje ƙarfi.

Sirrin gam yana ga ƙananan ɗigon roba da aka yayyafa a fuska ɗaya. Zafi ke narkar da su, dannawa ke shigar da su cikin zare, sanyi kuma ke ƙulle su. Saboda haka ba a jan dutsen guga a kansa. Ɗorawa ake yi, a danna kamar daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɗaga, a bar shi ya huce. Da dutsen gawayi muke aiki, wanda ba shi da ma'auni sai gogewar hannu. In zafi ya gaza, wankin farko zai raba su, kwala ta yi ƙuraje. In ya zarce, shadda ta rasa ƙyallinta. Labarin zuciya a tambayi fuska: mai riga bai san me aka saka ciki ba, amma bayan Sallah da mako biyu wuyan rigar zai faɗa masa, kuma a gari irin Zakirai sunan tela shi ne jarinsa.

Kayan baƙo ne, domin a 1948 kamfanin Freudenberg na Jamus ya fara fitar da irin wanda ba saƙa shi ake yi ba. Buƙatar kuwa tsohuwa ce a wurinmu. Babbar riga tana da shafi, wanda ke ba ta nauyi da faɗuwa mai kyau. Hula tana da sitati. Lifidin da ake gani a hawan Sallah kuwa ƙyalle biyu ne aka cusa wa auduga, aka bi da ɗinki layi-layi don kada ta taru wuri ɗaya, har ya iya kare doki da mahayinsa. Bambancin da maigidana ya nuna mini shi ne, abin da allura ta haɗa ana iya farke shi a gyara, amma gam in ya saki ya saki ke nan.

A nan ne nake ganin aiki ya rage gare mu. Dattawan da suka san sunan kowane ɗinki na ciki suna ƙarewa, yaransu kuma kalma ɗaya ta aro ta wadace su. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tsere da kalmomin masaƙa da marina na zamaninsa. Na teloli na yau suna jiran wanda zai zauna a benci, ya juya riga bai-bai, ya tambayi sunan abin da ya gani.